Dokar Karatu ta Jihar Misisipi: Nauyin da Aka Ɗora wa Yaro da Tallafin da Aka Bai wa Malami

A Amurka, harkar ilimin firamare da sakandare ba ta hannun gwamnatin tarayya, domin kundin tsarin mulkin ƙasar bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya, kuma gyara na goma da aka yi masa ya bar wa jihohi duk wani ikon da ba a damƙa wa tarayya ba. A shekarar 1973 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙara tabbatar da wannan matsayi, inda ta yanke hukuncin cewa ilimi ba ya cikin muhimman haƙƙoƙin da kundin tarayya ya lamunce wa ɗan ƙasa. Abin da tarayya ke zubawa a makarantun gwamnati bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da ake kashewa ba, sauran kuwa jihohi da ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar nauyinsa. Saboda haka majalisar dokokin kowace jiha ce ke da ta cewa a kan abin da za a koyar, da wanda ya cancanci ya koyar, da albashin da za a biya shi, da kuma sharaɗin da yaro zai cika kafin ya wuce aji na gaba. Daga shekarar 2013 zuwa yau kimanin jihohi 40 sun kafa dokoki ko manufofi a kan yadda za a koya wa ƙananan yara karatu, kuma galibinsu sun ɗora ido ne a kan jiha guda, wato Misisipi, wadda a da ba a ambatonta a maganar ilimi sai idan ana ba da misali da koma-baya.

Misisipi jiha ce ta kudancin Amurka mai yawan jama'a kusan miliyan 3, wadda fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanenta baƙar fata ne, kuma tana cikin jihohin da talauci ya fi yi wa katutu, musamman a yankin Delta da ke gaɓar kogin Misisipi, inda noman auduga da bauta da wariyar launin fata suka bar tabon da har yau bai warke ba. Ma'aunin da ake kwatanta jihohi da shi wata jarrabawa ce ta ƙasa da ake kira NAEP, wadda ake yi wa wani samfuri na ɗaliban aji huɗu da na aji takwas kusan duk bayan shekara biyu. Ba ta shafar ci ko faɗuwar kowane yaro, ba a kuma fitar da sakamakon kowace makaranta, abin da ya sa yake da wuya a yi mata shiri na musamman ko a murɗe ta. A jarrabawar 2013 'yan aji huɗu na Misisipi sun zo na 49 a karatu, da maki 209, alhali matsakaicin makin makarantun gwamnati na ƙasa baki ɗaya 221 ne. A wannan shekarar ce majalisar dokokin jihar ta zartar da dokar da ta ɗaure wucewa aji da iya karatu, Gwamna Phil Bryant ya sa mata hannu, aka kuma naɗa Carey Wright shugabar ma'aikatar ilimin jihar, wadda ta riƙe muƙamin har 2022. An kwaikwayi dokar ne daga wadda jihar Fulorida ta kafa a 2002 a zamanin Gwamna Jeb Bush.

Ba za a fahimci dokar ba sai an koma ga tsohuwar taƙaddamar da ke tsakanin masana a kan yadda yaro ke koyon karatu. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 wani ra'ayi ya yi tasiri a kwalejojin horar da malamai na ƙasashen da ke magana da Ingilishi, wanda ke cewa karatu abu ne da yaro ke ɗauka da kansa kamar yadda yake ɗaukar magana, muddin an wadata shi da littattafai masu jan hankali. Kenneth Goodman, ɗaya daga cikin jagororin wannan ra'ayi, ya ɗauki karatu a matsayin wani nau'i na cinke da mai karatu ke yi bisa sanin harshensa, sannan aikin Marie Clay ta ƙasar Nuzilan ya ƙara wa tunanin gindin zama a ajujuwa. A aikace, abin da aka riƙa koya wa yaro shi ne idan ya ci karo da kalmar da bai sani ba, ya dubi hoton da ke shafin, ko ya yi tunanin kalmar da za ta dace da jimlar, ko ya leƙi harafin farko ya cinki sauran. Wannan ita ce dabarar da ake kira manuniya uku. Yaron da ya taso a gidan da ake karanta masa littafi, ko wanda iyayensa ke da halin ɗaukar masa malamin gida, yakan tsallake wannan rami ba tare da an lura ba. Wanda ba shi da wannan gata yakan yi kamar yana karatu a aji ɗaya da aji biyu, lokacin da jimloli gajeru ne kuma hotuna sun cika littafi, sai asirin ya tonu a aji uku ko huɗu, sa'ad da hotuna suka ragu kalmomi kuma suka yi tsawo.

Binciken masana halayyar ɗan Adam da na ƙwaƙwalwa ya daɗe yana nuna akasin wancan ra'ayi. Magana halitta ce, amma rubutu ƙirƙira ce, kuma yawancin yara ba sa gano alaƙar harafi da sauti sai an nuna musu ita filla-filla, mataki bayan mataki. A 1986 Philip Gough da William Tunmer suka bayyana cewa fahimtar rubutu tana samuwa ne daga haɗuwar abu biyu, iya haɗa baƙi da kuma fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi, ta yadda idan ɗaya ya rasu ɗayan ba zai cike gurbinsa ba. A shekarar 2000 wani kwamitin ƙasa da majalisar dokokin tarayya ta sa aka kafa ya tattara binciken da ke akwai, ya fitar da ginshiƙai biyar na koyar da karatu: iya rarrabe sautukan da ke cikin kalma ta hanyar ji, da sanin harafin da ke wakiltar kowane sauti, da karatu ba gargada, da yalwar kalmomi, da fahimtar ma'ana. Lamarin ya fi tsanani a Ingilishi, inda haruffa 26 ke ɗaukar sautuka kimanin 44, kuma harafi ɗaya kan canza murya daga kalma zuwa kalma, saɓanin Hausar boko da rubutunta ya fi kusa da furucinta. Duk wanda ya san makarantar allo, inda almajiri ke farawa da babbaƙu sannan farfaru kafin a bar shi ya ja karatu, zai yi mamakin yadda aka shafe shekaru da dama ana gardama a kan wannan tsari a ƙasar da ke da ɗimbin cibiyoyin bincike.

Abin da dokar 2013 ta tanada game da yaro a bayyane yake. Tun daga ajin share fage, wanda yara ke shiga suna da shekara biyar, har zuwa aji uku, ana gwada kowane ɗalibi a farkon shekarar karatu da tsakiyarta da ƙarshenta don gano wanda ke baya. Idan aka gano shi, wajibi ne makaranta ta sanar da iyayensa a rubuce, ta kuma ba shi taimako na musamman, wanda daga baya aka wajabta a tsara shi a rubuce ga kowane yaro. A ƙarshen aji uku, lokacin da yaro ke da shekara takwas zuwa tara, sai ya zauna jarrabawar karatu ta jiha, kuma wanda bai ci ba bayan dama uku zai maimaita ajin. Dokar ta keɓe wasu rukunai, kamar yaran da ba su cika shekara biyu suna koyon Ingilishi ba, da wasu masu buƙata ta musamman, da waɗanda suka riga suka maimaita aji sau biyu. Wannan sharaɗi ya fara aiki a shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015 da maki mai sauƙi, sannan a 2016 majalisa ta ɗaga makin, ƙarin da ya fara aiki a 2019, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan aji uku suka kasa ci a zaman farko. Hujjar zaɓen aji uku ita ce daga aji huɗu darussan kimiyya da tarihi da lissafi duk suna ɗaukar cewa yaro ya riga ya iya karatu, don haka wanda aka tura gaba bai iya ba zai riƙa faɗuwa a kowane fanni lokaci guda.

Wannan ɓangare na maimaita aji shi ne ya fi ɗaukar hankalin jaridu da 'yan siyasa, amma nauyin dokar ya fi karkata ne ga abin da aka yi wa malamai, kuma a nan ne ya kamata mai nazari ya daɗe. Malamar firamare da ta fito daga kwaleji ba a koya mata tsarin sautukan harshe ba, ba za ta iya koyar da shi ba komai ƙwazonta, kuma barazanar cewa ɗalibanta za su maimaita aji ba za ta ƙara mata sani ba, sai dai fargaba. An riga an san girman wannan giɓi a Misisipi saboda aikin Cibiyar Karatu ta Barksdale, wadda Jim Barksdale, tsohon shugaban kamfanin Netscape, da matarsa Sally suka kafa a shekarar 2000 da kyautar dala miliyan 100. Cibiyar ta binciki manhajar kwalejojin horar da malamai na jihar ta gano cewa lokacin da ake ware wa koyar da karatun farko kaɗan ne ƙwarai, kuma abin da ake koyarwa ya bambanta daga kwaleji zuwa kwaleji. Don haka jihar ta riƙa ware kimanin dala miliyan 15 a shekara domin aiwatar da dokar, kuma kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi ne ga horar da dubban malamai da shugabannin makarantu ta wani shiri mai suna LETRS, wanda masaniya Louisa Moats ta jagoranci tsara shi. Shirin ba littafin darasi ba ne da ake miƙa wa malama ta bi. Ilimi ne a kan yadda ake furta sautuka, da yadda ake gina gaɓa da kalma, da yadda za a gane daga kuskuren da yaro ya yi a rubutu ainihin inda ya maƙale. Daga 2016 kuma, duk mai neman lasisin koyarwa a firamare sai ya ci jarrabawa ta musamman a kan tushen koyar da karatu, abin da ya tilasta wa kwalejoji su gyara nasu darussan.

Horo na 'yan kwanaki a ɗakin taro yakan shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu idan malama ta koma ajinta ita kaɗai, shi ya sa matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne tura jagororin karatu zuwa makarantun da sakamakonsu ya fi muni. Jagoran karatu gogaggen malami ne da ma'aikatar ilimin jiha da kanta ke tantancewa ta ɗauka, ba hukumar ilimin gunduma ba, wanda ke shafe wasu kwanaki na kowane mako a makarantar da aka ba shi: yana zama a aji ya kalli darasi, ya karɓi allo ya nuna yadda ake yi, ya zauna da malama su duba sakamakon gwajin yara ɗaya bayan ɗaya su tsara wa kowane rukuni abin da ya dace da shi. Ba sufeto ba ne, kuma ba shi ke auna malama don ƙarin girma ko ladabtarwa ba, wanda hakan ne ya sa sannu a hankali malamai suka daina ɓoye masa inda suke da rauni. Ma'aikatar, a ƙarƙashin daraktar sashen karatu Kymyona Burk, ta gwammace ta fara da jagorori ƙasa da adadin da take buƙata da ta sassauta sharuɗɗan ɗauka. A wannan shekara ta 2013 majalisar ta kuma kafa wata dokar da ta fara ba da kuɗin gwamnatin jiha ga ajujuwan yara 'yan shekara huɗu, ko da yake da farko kaɗan ne daga cikin yaran jihar suka samu gurbi.

Sakamakon ya bayyana a hankali. Makin 'yan aji huɗu ya tashi zuwa 214 a 2015, ya kai 219 a 2019, shekarar da Misisipi ce kaɗai jihar da ta samu ƙari mai ma'ana a wannan fanni, ta koma ta 29. A 2022 ta zo ta 21, a 2024 kuma ta 9, kuma 'ya'yan marasa galihu na jihar sun shiga sahun gaba idan aka kwatanta su da takwarorinsu na sauran jihohi. Adalci ya buƙaci a lura cewa makin 2024 shi ne dai 219 ɗin nan na 2019, wato hawan da jihar ta yi a jerin bayan 2019 ya samo asali ne daga faɗuwar da sauran suka yi a lokacin annobar korona da bayanta, inda matsakaicin makin ƙasa ya sauka zuwa 214. Riƙe matsayi a lokacin da kowa ke zamewa ba ƙaramin abu ba ne, amma har yanzu kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na 'yan aji huɗu na jihar suka kai matakin da jarrabawar ke kira ƙwarewa.

Masu suka sun kawo wata tambaya mai nauyi: idan aka tsare yaran da suka fi rauni a aji uku, ashe ba dole makin aji huɗu ya tashi ba, ko da koyarwa ba ta inganta ba? Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan, domin yaron da ya maimaita yana zaman jarrabawar ne da ƙarin shekara guda ta girma da ta karatu. Sai dai bai isa ya bayyana komai ba, saboda yaran da aka tsare ba ɓacewa suke yi ba, suna shiga aji huɗu a shekara mai zuwa a kuma gwada su, sannan ƙarin maki biyar da aka gani a 2015 ya zo ne daga ɗaliban da suka wuce aji uku tun kafin sharaɗin ya fara aiki. Game da amfanin maimaitawar ga shi kansa yaron, wani bincike da masana na Jami'ar Boston suka fitar a 2023 ya nuna cewa yaran Misisipi da suka faɗi da ɗan ƙiris suka maimaita sun fi waɗanda suka ci da ɗan ƙiris maki a darasin harshe da suka kai aji shida, yayin da binciken da aka yi a Fulorida ya nuna cewa irin wannan riba takan dusashe bayan wasu shekaru. Ya kamata a tuna cewa a jihohin biyu dokar ta wajabta a ba wanda ya maimaita ƙarin lokacin karatu da kulawa ta musamman. Maimaitawar da za a mayar da yaro ga darasin da ya kayar da shi, ta hanyar da ta kayar da shi, azaba ce kawai ga yaro ɗan shekara tara da ke kallon sa'o'insa sun wuce sun bar shi. Haka kuma ribar ba ta bi yaran zuwa sama yadda ake fata ba, domin a 2024 'yan aji takwas na Misisipi sun tsaya ne a matsayi na 41 a karatu, abin da ke nuna cewa haɗa baƙi ƙofa ce kawai, kuma fahimtar littafin sakandare tana buƙatar yalwar kalmomi da sanin duniya da ake tarawa shekara da shekaru.

Jihohin da suka biyo baya kowace ta ɗebi abin da ya yi mata. Alabama ta kafa tata dokar a 2019 tare da jagororin karatu, Tenesi ta yi a 2021, Luwiziyana ta wajabta horar da malamai kafin daga baya ta ƙara sharaɗin maimaita aji. Bayan wani shirin bincike na sauti da 'yar jarida Emily Hanford ta fitar a 2022, wanda ya fallasa yadda kamfanonin buga littattafai suka yi ta sayar wa makarantu manhajojin cinke, jihohi da dama, ciki har da Ohayo da Indiyana da Wiskonsin, sun haramta dabarar manuniya uku. Mishigan kuwa ta bi wata hanya dabam, inda a 2023 ta soke sharaɗin maimaita aji da ta kafa a 2016, amma ta ci gaba da gwaji da tallafi. Haɗarin da ke cikin wannan guguwa shi ne haramci da sharaɗi ba sa cin kuɗi, ana iya rubuta su a layi biyu a yi bikin sa hannu, alhali horo da jagorori da ƙarin ma'aikata suna buƙatar kasafi kowace shekara, kuma su ne ke fara shan yanka idan aljihun gwamnati ya yi sanyi. Dokar da ta hana malama hanyar da ta sani ba tare da ta koya mata wata ba ta bar ta ne tsirara a gaban yara ashirin ko talatin.

Ita ma Misisipi ba ta fita daga wannan zargi ba idan aka zo maganar abin da ake biyan masu aikin. Tun a dokar gyaran ilimi ta 1982, wadda Gwamna William Winter ya yi fafutukar kafawa kuma ta kawo ajin share fage a makarantun gwamnati, jihar ta tanadi mataimakan malamai a ƙananan ajujuwa musamman domin karatu. Su ne ke zama da rukunin yara huɗu ko biyar suna maimaita musu sautuka yayin da malama ke tare da sauran, wato su ne hannun da taimakon musamman da dokar 2013 ta alkawarta yake bi kafin ya isa ga yaro. Duk da haka mafi ƙarancin albashinsu ya daɗe a kan dala 12,500 a shekara, sai a 2019 aka fara ɗaga shi, har dokar albashi ta 2022 da Gwamna Tate Reeves ya sa wa hannu ta kai shi dala 17,000, adadin da a wannan shekarar bai kai dala 18,310 da gwamnatin tarayya ta ɗauka a matsayin layin talauci ga gida mai mutum biyu ba. Wannan dokar ta ƙara wa malamai kimanin dala 5,100 a matsakaici, ta kai albashin sabon malami dala 41,500, amma jihohin maƙwabta ma sun ƙara nasu, kuma gundumomin Delta suna ci gaba da fama da ƙarancin malamai masu cikakken lasisi, ta yadda malamar da aka kashe kuɗi aka horar takan bar aikin ko ta ƙetare iyaka, a sake farawa da sabuwa. Tsarin rabon kuɗin makarantu da majalisar ta kafa a 1997, wanda aka yi domin gundumomi matalauta su samu abin da zai ishe su, sau biyu kacal aka biya shi cikakke kafin a maye gurbinsa da sabon tsari a 2024, wanda ke ƙara kaso ga 'ya'yan talakawa da masu buƙata ta musamman da masu koyon Ingilishi. Cibiyar Barksdale ta rufe a 2023 bayan ta kammala wa'adinta, don haka ɗorewar horo da jagorori da albashin mataimaka yanzu ta rataya ne kacokan a kan abin da 'yan majalisar da ke zama a birnin Jackson suka amince su ware a kasafin kowace shekara.